Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kaset ɗin Hogan da Andre

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya gaji da ganina ina zaman kashe wando bayan na gama sakandare, ya damƙa mini makullin gidan bidiyonsa. To yau ga labarin kaset ɗin da ya fi kowane fim ɗin Indiya ko na Chanis kawo mana kuɗi a gidan nan.

Wanda bai ga gidan bidiyo na ƙarshen shekarun 1980 ba, kada ya kawo wani babban abu a ransa. Rumfar langa-langa ce da bencina, talabijin guda a kan tebur, sai ɗan janareta a bayan katanga saboda ɗauke wuta. Aikina karɓar kuɗi a ƙofa, da goge kan bidiyo idan hoto ya fara yayyafi, sannan da yake ina ɗan jin Turanci, ni ke yi wa 'yan kallo bayanin abin da ake faɗa. Rabin bayanin nan ƙarin gishiri ne, amma ba wanda ya taɓa neman a mayar masa da kuɗinsa.

Kaset ɗin na WrestleMania III ne, wasan resilin, wato kokawar Turawa, da kamfanin WWF ya shirya ranar 29 ga Maris, 1987, a tsohon filin Silverdome na garin Pontiac a jihar Michigan ta Amurka. Mu bai iso mana ba sai da ya kwana biyu, kuma kofi ne na kofi, har jan launi ya fara zuba. Duk da haka, abu na farko da ke sa rumfa ta yi tsit shi ne taron jama'a. Kamfanin ya ce mutum 93,173 ne suka shiga. Masu bin diddigi daga baya suka ce adadin na gaskiya wajen 78,000 ne. Ko wanne ne, mu dai ba mu taɓa ganin mutane haka a ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Saboda nisan dandalin daga ƙofa, a ƙaramar mota mai siffar dandali ake kawo 'yan wasa. Rufin filin kuma yana barin haske ya shigo, don haka wasannin farko da rana aka yi su, na ƙarshe kuwa duhu ya riga ya rufa.

Wasa 12 ne a ciki, kuma ba zan ɓoye muku ba, da yawansu ciko ne. Na Billy Jack Haynes da Hercules a wajen dandali ya ƙare, alƙali ya gama ƙirge su biyun ba su dawo ciki ba, ba wanda ya ci. Na King Kong Bundy, ƙaton nan mai sanƙo da aka haɗa da wadanni, ban taɓa sonsa ba. Ya ɗaga ɗan tsohon wada Little Beaver ya maka da ƙasa ya bi shi da gwiwar hannu, yara na dariya, ni kuwa sai in sa hannu in tura kaset gaba idan Kawu ba ya nan.

Inda rumfa ke fara ɗaukar zafi shi ne wasan Junkyard Dog da Harley Race. Race ya zo da kambin sarauta da alkyabba, sharaɗin kuwa wanda aka kayar zai rusuna wa ɗan'uwansa. Mu duka Junkyard muke goya wa baya, ba don komai ba sai don baƙar fata ne. Aka kayar da shi cikin 'yan mintoci, ya ɗan sunkuya sama-sama, sannan ya ɗauki kujera ya kwaɗa wa sarkin, ya yafa alkyabbar ya yi tafiyarsa. A wurinmu shi ya ci, duk abin da alƙali ya ce. Haka nan wasan Roddy Piper da Adrian Adonis, wanda aka ce shi ne na bankwanan Piper, kuma wanda ya faɗi za a aske masa kai. Piper ya shaƙe Adonis har ya yi barci, wani ɗan wasa, Brutus Beefcake, ya shigo ya yi askin. Wani wanzami da ke unguwarmu duk lokacin da aka zo wurin sai ya tashi tsaye yana faɗin wannan ba aski ba ne, ɓarna ce. Bankwanan ma bai ɗore ba, don Piper ya dawo a 1989.

Yanzu sai in kawo muku Baba mai gadi, don in ba shi labarin bai cika ba. Dattijo ne daga ƙasar Maraɗi, yana gadin wani sito kusa da mu. A ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne, irin waɗanda ke yawo gari-gari bayan kaka da makaɗansu, kuma har lokacin idan ya riƙe maka hannu a gaisuwa sai ka ji a jikinka. Ba ya biyan kuɗin ƙofa, Kawu ya hana a karɓa. Yakan zauna a bencin ƙarshe da goronsa, bai cika magana ba.

Ranar da ya fara tankawa, wasan Iron Sheik da Nikolai Volkoff ake yi da wasu biyu da ake kira Killer Bees. Turawan filin na ta jifan su Sheik da shara saboda ɗaya ɗan Iran ne, ɗaya kuma yana wasa a matsayin ɗan Rasha, mu kuwa a rumfa rabinmu na bayan Sheik saboda sunansa kawai. Baba ya nuna shi da baki ya ce mini, "Yaro, wancan mai gashin bakin ya yi kokawa ta gaskiya. Dubi yadda yake dasa ƙafa." Shekaru bayan haka na karanta cewa lallai mutumin, Hossein Khosrow Vaziri, ɗan kokawar gasa ne a Iran kafin ya tafi Amurka. Baba bai san harafi ɗaya na boko ba, a ƙafa ya karanta.

Sai babban wasa, wanda saboda shi ake cika mana benci. Ga yadda nake ba su labarin, kuma wannan karon ba ƙari: Hulk Hogan na riƙe da kambun duniya tun Janairun 1984, lokacin da ya karɓe shi daga hannun Iron Sheik ɗin nan. Andre the Giant, Bafaranshe, amininsa ne. Aka ba Hogan kofi na cika shekara uku da kambu, aka ba Andre wani ƙarami a kan cewa ya yi shekara 15 ba a kayar da shi ba. Andre ya ji haushi, ya koma wurin Bobby Heenan, manajan da kowa ya tsana, ya zo gaban jama'a ya yage wa Hogan riga har da sarƙar wuyansa. Cin amanar aboki ba ya buƙatar tafinta. Da na kai nan rumfa ta gama tsine wa Andre.

An sanar da tsawonsa ƙafa 7 da inci 4, nauyinsa fam 520, wato wajen kilo 236. Ana farawa Hogan ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, nauyi ya rinjaye shi, Andre ya faɗo a kansa, alƙali ya buga biyu, saura ƙiris ya cika ukun da ke ƙare wasa. Daga nan wasan ya koma tafiyar hawainiya. Andre ya taka bayan Hogan, ya matse shi a kusurwa, sannan ya rungume shi ya yi ta matsa na tsawon lokaci. Can Hogan ya farfaɗo, ya kai shi ƙasa da dukan hannu, ya fara girgizar nan tasa, ya sunkuci ƙaton ya juya shi ya maka da ƙasa, ya bi shi da ƙafa a wuya, ɗaya, biyu, uku. Duka-duka minti 12. Duk ranar da aka saka, sai an yi ihun "A tariyo! A tariyo!" Mun yi ta tariyar wurin nan har zaren kaset ɗin ya ci, hoto na rawa daidai lokacin da Andre ke sama.

A irin wannan tariyar ce gardama ta ɓarke. Wani ɗan makarantar koyon sana'a ya ce duk shiri ne, an san wanda zai ci tun kafin a shigo. Wani mahauci ya rantse ba shiri, har yana neman cire riga. Kawu ya ga abin zai kai ga fasa masa talabijin, sai ya juya ya ce, "Baba, ku ne masu abin. Ku raba mana gardama."

Baba ya ce in mayar da wurin, in kuma tsayar idan ya ɗaga hannu. Na tsayar. Ya taso har gaban talabijin, ya sa yatsa a kan hoton. "Ku dubi ƙaton. Ya ba da jikinsa. Ya taso da ƙafarsa, ya dafa ɗan'uwansa. Mutumin da bai yarda a ɗaga shi ba, sai ya saki nauyinsa ƙasa ya zama turmin da aka binne, ko yaro ne sai ka yi gumi. Wannan da yardarsa aka ɗauke shi."

Mahauci ya ce, "To Baba, ƙarya ce ke nan?"

"Ban ce ƙarya ba. Shi mai farin gashin ai ya ɗauki nauyin, ba aljani ya ɗaukar masa ba. Shi kuma ƙaton ba shi da lafiya, dubi tafiyarsa, bayansa ne. Mai ciwon baya ya yarda a maka shi da ƙasa don wani ya yi suna, kai za ka yarda?"

Nan ma gaskiyarsa. Andre na fama da cutar da ke sa jiki ya yi ta girma ba tsayawa, ciwon baya ya riga ya cinye shi a lokacin, shi ya sa aka gina wasan a kan riƙo da matsa maimakon guje-guje. Ya rasu a Paris a Janairun 1993 yana da shekara 46. Maganar da ake yi a lokacin cewa ba a taɓa ɗaga shi ba kafin wannan wasa kuwa, talla ce kawai. Hogan ɗin da kansa ya taɓa ɗaga shi a 1980, lokacin shi ne mugun, Andre ne na jama'a.

Ni abin da maganar Baba ta yi mini shi ne ta sauya wasan da nake so a kaset ɗin. Da dare idan an watse, kafin in kashe janareta, sai in koma wasa na tara, na Randy Savage da Ricky Steamboat a kan kambun Intercontinental, wanda ke ƙasa da na duniya. Asalin rigimar, Savage ya taɓa dira daga saman igiya da ƙararrawar wasa a maƙogwaron Steamboat, aka ce ya kusa rasa murya. Steamboat ya dawo ɗaukar fansa tare da George Steele, wani mai gashi a baya da koren harshe wanda ya mato a kan Elizabeth, matar da ke rako Savage.

Minti 14 da 'yan kai suka yi, kuma babu inda za ka ce bari in fita in sha ruwa. Wannan ya jefa wancan, wancan ya mirgine ya danne, alƙali ya buga biyu, a tashi, a sake. Wajen sau ashirin ana kai wa biyu ana kuɓucewa. Da idon da Baba ya ba ni sai na fara ganin abin da ke ƙarƙashi: yadda Savage ke sakin jiki tun kafin a fizgo hannunsa, yadda Steamboat ke faɗowa daga saman igiya zuwa waje ba tare da ya karye ba, yadda kowanne ke kasancewa daidai inda ɗayan ke buƙatarsa. Kuskuren taku ɗaya, wani zai kwana a asibiti. Ƙarshensa ma gwanin kyau: alƙali ya faɗi sumamme, Savage ya dira da gwiwar hannunsa amma ba mai ƙirgawa, ya je ya ɗauko ƙararrawar nan, Steele ya ture shi daga saman igiya, ya tashi a gigice ya ɗaga Steamboat, shi kuwa ya naɗe shi a ƙasa, uku ta cika. Steamboat ya sha faɗa a hira cewa Savage ne ya dage sai da suka rubuta wasan a takarda taku bayan taku, suka haddace. Wasu na ganin wannan ya rage masa daraja. Ni ban ga ta inda ya rage ba. A ganina shi ne wasan da ya fi kowanne a kaset ɗin, da tazara mai yawa. Na Hogan da Andre daƙiƙa goma ne masu kyau da aka naɗe a cikin minti 12.

Na taɓa tsare Baba na saka masa shi, shi kaɗai, ina jiran yabo. Ya kalla har ƙarshe, ya ce yaran suna da numfashi, amma a fagen Maraɗi da gwiwar ɗaya ta taɓa ƙasa an gama, makaɗa sun juya. Ya tambaye ni ko akwai wani kaset ɗin da mai gashin bakin nan yake ciki.

Ciniki ya yi ciniki, har Kawu ya ƙara benci biyu. Da zaren kaset ɗin ya tsinke, muka liƙa shi da salatif, ya sake tsinkewa, sai ya ƙirgo kuɗi ya ba ni ya ce in shiga Sabon Gari in nemo sabo, in kuma tambayo ko na shekarar da ta biyo baya ya fito. Wannan ne karo na farko da ya ba ni kuɗi masu kauri haka ni kaɗai. Abin da ya faru da ni da kuɗin nan a hanya, da yadda na kwana a shagon wani mai gyaran rediyo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.