Akwati ɗaya na yi wa 'yan'uwa kala uku

Har yanzu in na buɗe littafin nan sai raina ya sosu. Wata uku ina ɗaukar karatun rabon gado da zane a makarantar dare ta unguwarmu a Gwammaja. Takarda a kwance, mamaci a tsakiya, iyaye a sama, 'ya'ya da jikoki a ƙasa, miji ko mata a dama, 'yan'uwa a hagu. Namiji akwati, mace da'ira. Kaso a ciki da fensir, sai jar kibiya daga mai kangewa zuwa wanda ya kange, wato wanda ya hana cin gado. Nan babu matsala.

Wajen 'yan'uwa na kwafsa. Da malam ya ce ɗan'uwa, sai in yi akwati a hagu in wuce, ko shaƙiƙi ne (uwa ɗaya uba ɗaya da mamaci), ko li'abi (uba ɗaya kawai), ko li'ummi (uwa ɗaya kawai). Wai ai zan tuna. Ina! Bayan sati biyu abin da ke takarda kawai ido ya riƙe, wanda na bari a ka ya bi iska.

Ranar jarrabawa aka ce mamaci ya bar mata, 'ya ɗaya, shaƙiƙi da li'ummi. Mata sumuni (ɗaya cikin takwas), 'ya rabi, daidai. Sai na yanka wa li'ummi sudusi (ɗaya cikin shida), alhali 'ya tana kange shi gaba ɗaya, shaƙiƙi ne ba ta kangewa. Asalin mas'alar 8 ne, wato a kasa dukiyar kashi takwas: mata 1, 'ya 4, ragowar 3 na shaƙiƙi. Na san hukuncin fa, na haddace aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. Amma a zanena kibiyar ba ta da inda za ta sauka, tunda akwatinan duk kamarsu ɗaya.

Gyaran bai fi layi biyu ba. Ko iyayen mamaci sun rasu, a zana su, a soke su da giciye. Shaƙiƙi a ja masa layi biyu, ɗaya zuwa uba, ɗaya zuwa uwa. Li'abi layi ɗaya zuwa uba, li'ummi ɗaya zuwa uwa. Kuma kada a taɓa jan biro ana tsakar darasi, fensir tukuna, don malam kan kawo "sai dai idan" a ƙarshen magana, biro kuwa ba ya goguwa.

Sai da na sayo sabon littafi a Sabon Gari na sake zana babin daga farko. Tsohon yana nan, da layin da malam ya ja a kan sudusin.