Ƙirga Masu Aiki Da Marasa Aiki: Abin Da Na Gani Daga Ƙofar Gida Zuwa Ofis

Tambayar da kowa zai ɗauka da ita ake farawa, ita ce aka fara hana mu yi a wurin horo: "Kana da aikin yi?" Na shiga binciken ma'aikata na ƙasa a matsayin mai bin gida-gida da kwamfutar hannu, daga baya na zama mai duba aikin wasu, sannan na koma ofis inda ake tace bayanan. A duk matakan nan ban ga abin da ya ƙaryata wannan hani ba. In ka bar mutum ya yanke wa kansa hukunci, mai digirin da ke sayar da kaya ta intanet zai ce maka zaman kashe wando yake, domin a ransa sai an ba shi kujera da albashi. Matar da ke ɗinki a ɗaka ana biyanta za ta ce ita ba ta komai. Ka tara amsa dubu irin wannan, ra'ayin mutane kawai ka auna.

Saboda haka muke daddatsa tambayar ƙanana-ƙanana, kowacce a kan abin da ya faru a mako guda da ya wuce. Ka yi wani abu da aka biya ka, ko da na awa ɗaya ne? Ka yi sana'a ko ciniki don samun riba? Ka taya wani ɗan gida a kasuwancinsa? Kana da aikin da ba ka je ba saboda hutu ko rashin lafiya? Mu masu tambaya ba mu da ikon rubuta "mai aiki" ko "marar aiki". Amsoshin ne ake haɗawa daga baya bisa ƙa'ida, su fitar da matsayin mutum.

Ƙa'idar ba a ofishinmu aka ƙirƙiro ta ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka kafa a 1919, ita ke kiran taron masana ƙididdigar ƙwadago a Janeba, kusan duk shekara biyar, tun daga na farko a 1923. Wakilan gwamnatoci da na ma'aikata da na masu ɗaukar aiki ke zama, abin da suka amince da shi ya zama ma'aunin da ƙasashe ke bi. Akwai kuma Yarjejeniya ta 160 ta 1985, wadda ƙasar da ta rattaba mata hannu ke ɗaukar alkawarin tattara irin waɗannan alƙaluma a kai a kai, ta kuma wallafa su tare da bayanin hanyar da aka bi.

Maganar awa ɗaya ita ta fi jawo mini gardama, har da abokan aikina. Wani dattijo ya taɓa dakatar da ni a tsakiyar tambaya ya ce, "Yarona, wanda ya yi awa ɗaya a mako yana ɗaukar kaya, kai a wurinka ya sami aiki ke nan?" Na ce, "Baba, ba mu ce ya wadatu ba, akwai tambayar wannan a gaba." Ma'aunin yana cikin ƙudurin taro na 13 na 1982, kuma yana da dalili. Ana so duk wani ƙwazo da ya shiga cikin abin da ƙasa ta samar a ƙirga shi, ta yadda alƙaluman aiki za su dace da lissafin tattalin arziki. Ana kuma so rashin aiki ya tsaya a kan wanda ba shi da komai sam. Da za a sa iyakar a awa 20, wata ƙasa ta sa tata a 15, kwatanci ya ƙare. Ni dai na gamsu da dalilin, amma ban taɓa ganin laifin wanda bai gamsu ba, muddin adadi ɗaya tal aka nuna masa.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen manoma. Taro na 19, a watan Oktoba na 2013, ya raba ayyuka gida biyar: wanda ake yi don a biya ka ko ka ci riba, wanda ake yi don amfanin gida, koyon sana'a ba tare da biya ba, aikin sa-kai, da sauran ayyuka. Na farkon kaɗai ake ƙirgawa cikin masu aikin yi. Ke nan manomin da yawancin abin da yake nomawa na cin gida ne ya fita daga wannan layi, ya koma layinsa daban, alhali a tsohon tsari yana ciki. A takarda abin a fili yake. A ƙofar gida kuwa sai ka tambayi mutum ko don sayarwa yake noma ko don ci, ya dube ka ya ce ya danganta da yadda damina ta yi. Dole ka bi shi a hankali: a yadda aka saba, rabin amfanin ake sayarwa, ko fiye, ko ƙasa? Abin da ake nema niyyarsa ce tun farko, kuma mai tambaya biyu za su iya fitowa da amsa biyu daga gida ɗaya in ba a horar da su da kalmomi iri ɗaya ba. Lokacin da nake duba aiki, wannan sashe nake fara buɗewa. Idan na ga duk manoman wani jami'i sun faɗa ɓangare guda, na san yana ja musu baki ne, sai mu koma tare.

Marar aiki kuma sai ya cika sharuɗɗa uku a lokaci guda: bai yi aikin biya ko riba ba a makon, ya yi wani yunƙurin nema a makonni huɗu da suka wuce, kuma a shirye yake ya fara in an samu. Matashin da ya gaji da nema ya haƙura ba ya cikin marasa aiki, duk da yana so. Ƙudurin 2013 ya ware wa irinsa rukuni na musamman, ya kuma ware wa wanda ke da aiki amma awanninsa sun gaza, yana so a ƙara kuma yana da lokaci. Daga nan ake fitar da ma'auni huɗu na ƙarfin ma'aikata da ke zaune a banza, kuma adadin marasa aiki shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. A ƙasar da babu tallafin marasa aiki, talaka ba ya iya zama wata guda yana jiran kira, dole ya fita ya yi ko mene ne. Shi ya sa za ka ga ƙasa mai fama da talauci da adadi ƙasa da na wata mai arziki.

Najeriya ta zama misalin da ake yawan kawowa. Hukumar ƙididdigarta ta bayar da adadin marasa aiki kashi 33.3 cikin ɗari a zangon ƙarshe na 2020, lokacin da ake ɗaukar wanda bai kai awa 20 a mako ba a matsayin marar aiki. Da ta koma ma'aunin duniya, sai ta fitar da kashi 4.1 a zangon farko na 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, mudun ne aka canza, kuma adadin biyu ba sa kwatantuwa. A rahoton kansa an nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin ayyukan da ba na tsari ba, amma wannan bai kama kanun labarai ba. Tun daga nan, duk rahoton da na sa hannu a ciki nakan nace a jera ma'aunan nan a shafi ɗaya, a kuma ja layi a jadawali daidai inda hanya ta canza.

Wani abin da ban san nauyinsa ba sai da na koma ofis shi ne rubuta sana'a. Kowane aiki ana ba shi lamba mai gida huɗu bisa tsarin ILO na rarraba sana'o'i, wato ISCO-08, mai manyan rukunai 10 da ƙanana 436, sannan wurin aikin ma yana da tasa lambar bisa tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba harkokin tattalin arziki. Jami'i ya rubuto "ɗan kasuwa" ko "ma'aikaci" ya wuce, ka rasa inda za ka sa shi. Direban asibiti sana'arsa tuƙi ce, amma fannin da yake ciki lafiya ne, tambaya biyu ce daban. Jimla ɗaya cikakkiya a fili, me yake yi da hannunsa kuma me wurin ke samarwa, tana rage wa mai sa lamba wahalar yini.

Sauran darussan gajeru ne amma suna da tsada. Gidan da aka zaɓa ba a musanya shi da na maƙwabci don ba a sami kowa ba, komawa ake yi, domin gidan da ba kowa da rana galibi na masu fita aiki ne, in ka tsallake su ka karkatar da sakamakon. Maigida yakan amsa wa kowa, kuma sau da yawa bai san abin da matarsa ko ɗansa ke samu ba, don haka in akwai hali mukan nemi mai abin da kansa. Binciken da aka yi a wata ɗaya kawai yana ɗaukar hoton wannan lokaci ne, shi ya sa ƙasashe da yawa suka koma tattarawa duk shekara ba tsayawa, suna fitar da sakamako duk wata uku.

Mutane kuma ba sa buɗe baki sai sun tabbata ba daga masu haraji kake ba, ba kuma rajistar tallafi kake yi ba. Na farko yakan sa a ɓoye sana'a, na biyu yakan sa kowa ya zama marar aiki nan take. Mukan faɗa tun a bakin ƙofa cewa babu abin da za a raba, kuma sunan mutum ba zai fita ba. Wannan sirri yana cikin ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 2014. A ofis ana cire sunaye da adireshi kafin bayanan su isa hannun masu nazari, kuma idan wani rukuni a jadawali ya yi ƙanƙantar da za a iya gane mai shi, haɗe shi muke yi da na kusa kafin a wallafa.