Om ɗin sifika ne ya ƙona mini amfilifaya

A bayan kusan kowace amfilifaya, daidai wurin da ake ɗaura wayoyin sifika, akwai wani ɗan siririn rubutu da sai ka haska tocila kake iya karanta shi. A tawa, mai wuraren ɗaura sifiku jeri biyu, A da B, cewa aka yi in sifikun A kaɗai ko na B kaɗai za a kunna, daga om 4 zuwa om 16 duk ya yi (om shi ne ma'aunin yadda sifika take tare wutar da ke bi ta cikinta), amma in za a haɗa A da B lokaci guda, to kowace sifika kada ta gaza om 8. Wannan layi guda ya ci mini kusan rabin kuɗin da na sayi amfilifayar. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, domin duk cinikin da na yi a kasuwa babu wanda ya ambaci om ko da wasa. Wat kawai ake faɗa, mai saye wat, mai sayarwa wat.

Amfilifayar tsohuwa ce ƙirar Japan, ta hannu, cikin kayan nan da ake kira Beljiyam, a kasuwar Sabon Gari ta Kano na same ta. Wat 50 take bayarwa a kowane ɓangare, kuma da sifikunta biyu masu om 8 ta zo. Ta daɗe a falona ba ta taɓa ba ni matsala ba. Sai azumi ya faɗo cikin zafin bazara, mutanen gida suka ce suna so su riƙa jin tafsiri daga rediyo a tsakar gida yayin da suke aikin buɗa-baki. Na ga ai abin mai sauƙi ne, tunda ga ramukan B nan a bayanta babu komai a jiki. Na koma kasuwa na sayo akwatuna biyu na katako, irin waɗanda ake haɗawa a nan gida a saka musu sifikar mota a ciki. Mai shagon ya nuna mini lambar wat da ke jikin maganaɗisun, babbar lamba ce, ya ce amfilifayata ko kusa ba za ta iya ƙona su ba. Gaskiya ya faɗa, ba ta ƙona su ba. Su ne suka ƙona ta.

Sifikar mota galibi om 4 ce, saboda batirin mota bolt 12 ne kawai, dole a rage om ɗin kafin a samu ƙara mai kyau. Kuma a yawancin amfilifayoyin gida, in ka danna A+B, a cikin injin haɗe sifikun biyu ake yi kai da kai a kan hanya ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi. A irin wannan haɗi om raguwa yake yi. Lissafin shi ne ka ninka lambobin biyu, ka raba da jimillarsu. Om 8 da om 8 su ba ka om 4. Om 4 da om 4 su ba ka om 2. Nawa kuwa om 8 ne da om 4, wato 32 a raba da 12, ya zama kusan om 2.7. Amfilifayar da aka ƙera kada ta sauka ƙasa da 4, ni na ɗora mata 2.7 a kowane ɓangare.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ƙaramar lamba ita ce kaya mai nauyi. In amfilifaya ta fitar da bolt 20 zuwa sifika mai om 8, amfiya 2.5 ce za ta bi wayar (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu), wat 50 ke nan cif. Bolt 20 ɗin nan dai, in om 2.7 ya tarar, amfiya 7.5 za a nema daga gare ta, ninki uku. Duk wannan wutar ta cikin manyan transistocin fitarwa take wucewa, kuma zafi take zama. Ka ƙara da cewa lambar om da ake rubutawa a jikin sifika matsakaici ne kawai, a wasu sautuka, musamman na ƙasa, tana sauka fiye da haka. Sannan ga zafin Kano a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi kan kai 40, ga amfilifayar a cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, dikoda a kanta ta toshe ramukan shan iska.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta yi mini gargaɗi. Akwai wani ɗan makunni a cikinta da yake yanke sifiku in ya ji an matsa mata, za ka ji ƙas, sauti ya ɗauke, bayan ɗan lokaci ya dawo. Ta yi haka ba sau ɗaya ba. Duk gidan muka haɗu a kan cewa wutar NEPA ce ba ta da ƙarfi, tunda abin da muka saba gani ke nan da fanka da firji. Har sitabilaiza na ciro daga ɗaki na jona mata. Da sitabilaizar ta gyara wutar, sai amfilifayar ta ƙara samun ƙarfin tura wa sifikun abin da suke nema, ta ƙara ɗaukar zafi. Wata rana da la'asar aka ƙara murya don a ji a tsakar gida duk da ƙarar injin markaɗen maƙwabta, sai warin ƙonewar roba ya tashi, ɓangaren hagu ya yi wani ƙugi, fiyus ya tsinke, ta yi shiru.

Mai gyaran da na kai wa dattijo ne, tun zamanin kaset yake sana'ar. Ko buɗe murfin bai yi ba ya tambaye ni, "Malam, sifiku nawa ka ɗaura mata?" Na ce huɗu. Ya ce, "Akwai ta mota a ciki?" Na ce biyu. Ya juya bayanta ya ɗora yatsa a kan rubutun nan, ya ce, "Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi." Na ce, "Baba, ai wat ɗinsu ya fi nata." Ya ce wat ɗin sifika abin da za ta iya jurewa ne, om kuwa abin da za ta zuƙa ne daga injin, kuma zuƙar ce take kashe amfilifaya. Da ya buɗe, transistocin fitarwa biyu na hagu sun ƙone, sun tafi da ƙananan resistocin da ke kusa da su da wani ƙaramin transista da ke tura su. Samun na asali shi ne wahalar. Kasuwa cike take da jabun transista masu ɗauke da lamba iri ɗaya da ta gaske, amma in aka saka su ba sa jure zafi. Sai da ya jira ya samu wata matacciyar amfilifaya irin tawa ya ciro nata. Azumin ya ƙare da ƙaramar rediyo mai batir a tsakar gida.

A shagonsa na koyi gwada sifika da mita kafin in saya, kuma yanzu ba na zuwa cinikin sifika ba tare da ita a aljihu ba. Ka juya mitar zuwa ma'aunin om, ka taɓa bakin wayoyin biyu a kan ja da baƙi na sifikar, ba ta jone da komai. Kada ka yi tsammanin ganin lambar cif, mita kullum ƙasa take nunawa. Sifika mai om 8 za ta nuna wajen 6 zuwa 7, mai om 4 kuma wajen 3 da ɗan wani abu. Wannan gwaji ya fi muhimmanci a akwatunan da ake haɗawa a gida, domin sau da yawa babu takardar komai a bayansu, wani lokaci ma wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da kakkauran sauti, guda biyu ce a ciki aka haɗe su kai da kai, om ɗin ya riga ya rabu biyu tun kafin ka kai gida.

Maganar wat kuwa, tunda ita ce ta rufe mini ido, bari in faɗi abin da na fahimta. Lambar da ake rubuta RMS a gefenta ita ce abin dogaro, ita ce ƙarfin da injin zai iya bayarwa a ɗore. Wadda ake rubuta PMPO a gefenta, mai dubbai, talla ce kawai, babu wani tsayayyen ma'auni da kowa ya yarda da shi a kanta. Hanya mafi sauƙi ta kama ƙarya ita ce ka duba bayan injin inda aka rubuta yawan wutar da yake sha daga soket. Injin da yake shan wat 60 daga bango ba zai ɗore yana fitar da wat 2000 ba, daga ina zai samo ragowar? Kuma wat da yawa ba shi ne ƙara da yawa ba. Akwai lambar dB da ake rubuta wa sifiku masu kyau, tana nuna ƙarar da suke yi da wat 1 a nisan mita 1. Bambancin 3 a wannan lamba daidai yake da ninka wat sau biyu, wato sifika mai 91 za ta yi ƙarar mai 88 da rabin ƙarfin. Da na san haka, da sifiku masu om 8 da babbar lambar dB zan nema wa tsakar gida, da wat 50 ɗina sun wadatar.

Dattijon ya ƙara mini wani abu da ban zata ba. Ƙaramar amfilifaya ta fi babba saurin ƙona tuwita, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. In aka mure murya har ƙarshe injin ya gaza, sautin yana fita a tsage, wannan tsagaggen sautin kuma tuwita yake afka wa. Da ka ji murya ta fara karcewa, ka rage, ko da kana ganin wat ɗin sifikarka ya ninka na injin.

Da na dawo da ita gida na sake haɗawa, sai na ji bes, wato kaurin sautin, ya ɓace, muryar mai labarai kuma kamar tana yawo a gefen bango maimakon ta tsaya a tsakiya. Gabana ya faɗi, na ɗauka gyaran bai yi ba. Ashe waya ɗaya ce ta juya, ja ta tafi wurin baƙi a sifikar dama, sai ɗaya tana turo iska waje ɗayar tana ja ciki, suna cinye wa juna. Wannan ba ya ƙona komai, sauti kawai yake ɓatawa. In wayarka ba ta da alama, ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, ka cire wayar daga amfilifaya, ka ɗan taɓa bakinta biyu a jikin batirin kana kallon fatar wufa. In ta bulluƙo waje, wayar da ke taɓa ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ta ja. Taɓawa kawai, kada ka riƙe.

Waya ma na canza. Siririyar nan ja da baƙa da ake sayarwa a yadi ba ta dace da nisa ba, kuma wata ba tagulla ba ce zalla, alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, in ka kankare da wuƙa za ka ga fari a ciki. Na sayi ta tagulla mai kaurin 1.5 ga falo, mai 2.5 ga doguwar tafiyar tsakar gida. Wajen ɗaurawa ka murɗe silin sosai, domin sili ɗaya tak da ya fita ya taɓa ramin da ke kusa om sifili ke nan, ya fi abin da na yi muni. Kuma a kashe injin kafin a taɓa waya. Wanda zai sayi ta hannu ya duba bolt ɗinta ma tun a shago, wutarmu 230 ce, wadda aka ƙera don Amurka 120 take sha, ta cikin Japan 100, sai dai in tana da maɓallin canzawa a baya.

Akwatunan motar ban yar da su ba. Mai gyaran ya ce ana iya jera su bi da bi, waya ta fita daga ɗaya ta shiga ɗayar, om 8 da om 4 su zama 12, injin ya huta. Sai dai ƙara tana raguwa, kuma in sifikun ba iri ɗaya ba ne sautin kowace yana gurɓata na 'yar'uwarta, ga shi ba za ka iya kashe na falo ka bar na waje ba. Ban so haka ba. Na sayi wata 'yar ƙaramar amfilifaya ta zamani wadda aka rubuta mata om 4 ƙarara, na jawo mata sauti daga ramin da ake ɗaukar kaset a bayan babbar, ita take riƙe da tsakar gida da maɓallin muryarta daban. Kuɗinta bai kai abin da na biya a gyara ba, kuma wannan ne yake dawo mini da ɓacin ran duk lokacin da na kalle ta.

Babbar na fito da ita daga kabad, na sauke dikodar daga kanta, na bar mata sarari sama da gefe. Maɓallin B kuma na liƙe shi da salatif, saboda yara suna son danne-danne. In ta yi aiki na ɗan lokaci nakan ɗora tafin hannu a kan murfinta. Ɗumi ba komai ba ne, amma in hannu ba zai iya zama a kai ba, nan take nake rage murya in duba bayanta.