Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Layin da na riƙa haɗiyewa

A makon jiya na tsaya a inda muka fita daga Mubi ranar Laraba 29 ga Oktoba, 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo garin, ni da yara uku da surukata, tukunyar wake na kan murhu. Baban yara ya raka mu har bayan gari, sannan ya ce bari ya koma ya kwance awaki, ya ɗauko takardun makarantar yara, zai cim mana a gaba. Ko sallama ta kirki ba mu yi ba.

Ba zan ja labarin hanya ba. Kwana huɗu muka yi a ƙafa ta cikin gonaki, muna tonon gyaɗar mutane muna ci ɗanya, Allah ya yafe mana. A hanya muka ji cewa hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi ita ma ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a ranar nan. Daga baya kuma aka ce har sun sauya wa Mubi suna zuwa Madinatul Islam. Wata motar ɗaukar masara ce ta ƙarasa da mu Yola.

A harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa da ke Jimeta muka sauka, inda Bishop Stephen Mamza ya buɗe wa 'yan gudun hijira ƙofa. Mu ba 'yan Katolika ba ne, amma ba wanda ya tambaye mu. Mun tarar da mutanen Michika da Madagali waɗanda suka riga mu zuwa tun watan Satumba, har sun san layin abinci da lokacin da famfo ke kawo ruwa.

Da yamma mu matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, mukan taru a gindin wata bishiya. Babu tulun kiɗa, sai wata ta kifa jarka tana bugawa, mu yi waƙa biyu ko uku, mu rufe da Addu'ar Ubangiji. A nan ne abin ya fara. Nakan bi su tiryan-tiryan: "Ubanmu wanda ke cikin sama, a tsarkake sunanka, mulkinka shi zo." Da an iso "abin da kake so, a yi shi," sai bakina ya mutu. In yi shiru, in sake kama su a layin roƙon abincin yini.

Shekara shida ina ma'ajin Zumuntar Mata a majami'armu. Gidan makoki nawa na shiga da ankon zumunta, na dafa kafaɗar wadda mijinta ya rasu na ce mata, "Nufin Allah ne, a yi haƙuri"? Sai da ta zo kaina na gane nauyin maganar. Har yau ina ganin muna saurin faɗinta, tun hawayen mutum bai gama zuba ba, don dai mu samu mu tashi mu tafi gida. A Jimeta duk wadda ta ce min haka, sai in ji kamar ta watsa min barkono a ido.

Ba wai na daina addu'a ba. Ciniki na koma yi. Na yi azumin kwana uku, na yi wa Allah alkawarin ninka zakka, na ce ɗan farinmu zai yi aikin bishara. Ina idarwa sai in ari waya in buga lambar mijina, a ce a kashe take.

Ashe Mama, surukata, tana ji. Tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, amma Littafi Mai Tsarki yana kanta, abin da ta tsinta a sujada shekara da shekaru. Wani dare muna kwance a tabarma ɗaya, sauro ya hana kowa barci, sai ta taɓa ni.

"'Yata, me ya sa kike haɗiye layin nan?"

Na ce, "Mama, in na faɗa, kamar na sa hannu ne a kan mutuwarsa."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ke miji kike nema, ni ɗa. Biyu na binne a shekara guda da baƙon dauro kafin in haifi wannan. Kin san Yesu a Gatsemani sau nawa ya koma yana roƙo a ɗauke masa ƙoƙon wahalar nan? Sau uku. Abin da yake so ya fara faɗa, sannan ya ce ba nufinsa ba. Ke kuma kin tsaya kina yi wa Allah kara. Ba a yi masa kara. Faɗa masa."

Na tashi na zaga bayan ajin da muke kwana, na durƙusa a kan tsakuwa. Ban yi irin addu'ar da muke tsarawa a gaban jama'a ba. Na ce masa ina son mijina da rai, da ƙafafunsa biyu. Na ce masa ina jin haushinsa, na tambaye shi ina yake ranar Larabar nan. Sai da na amayar da komai, murya ta dushe, sannan na faɗi layin. Ba zan yi muku ƙarya in ce wata salama ta sauko min ba. Kamar maɗaci na haɗiya. Abin da na sani shi ne na koma na yi barci har rana ta fito, karo na farko tun barinmu gida.

Washegari da yamma na faɗe shi tare da kowa. Mama ba ta ko dube ni ba.

Wajen tsakiyar Nuwamba labari ya zo cewa maharba da 'yan banga tare da sojoji sun ƙwato Mubi. Maza suka fara leƙawa su dubo gidaje. Wani maƙwabcinmu ya je ya dawo, ya ce ƙofarmu a ɓalle take, awaki babu, amma bai ga gawa ba, bai kuma ga wanda ya gan shi ba.

Kwana biyu bayan haka ina layin karɓar masara, sai matar da nake aron wayarta ta taho da gudu, ɗankwalinta a hannu. Ta ce wani ya kira sau biyu yana tambayar maman yara uku 'yar Mubi, layin yana yankewa. Na karɓi wayar hannuna na rawa. Lambar ta fara da 237, ta Kamaru ce.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.