Ɗaukar direbobin kamfani: a gwada idonsu kafin a miƙa makulli

Ni ke kula da motocin wani kamfani da ke raba kaya daga Kano zuwa Jigawa da Katsina da Bauchi, kuma bara da aka sayo sababbin Hilux da bas-bas ni aka ɗora wa aikin nemo direbobi. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san yadda ake cika maka ofis da takardun alfarma, wannan Alhaji wane ne ya turo shi, wancan ƙanin matar manaja ne. Wannan duk mun iya da shi. Lasisi muka fara dubawa, mu sa lambar a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, nan take na bogi suka zube, irin wanda ake ba wani kuɗi a bakin ofis ya kawo maka ba a ko ɗauki hoton yatsunka ba. Aka yi gwajin fitsari saboda tiramol da kodin, aka kawo masu tsaya musu, aka zaga da kowa cikin gari, ribas, fakin, go-sulo na Kantin Kwari. Lafiya lau.

Wanda ya fi kowa burge mu wani dattijo ne, ya daɗe yana jan babbar mota Kano zuwa Legas, hannunsa a sitiyari kamar an haife shi a kai, baya shan komai ko goro, limamin unguwarsu ne ya tsaya masa. Shi aka ba sabuwar Hilux ɗin da ta fi tsada. To wata rana ya taso daga Dutse an riga an yi magariba, kafin ya iso Wudil ya afka wa wata tirela da ta lalace a gefen titi, ba fitila ba komai sai ganyen da suka jera a kwalta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma yaron motar ya karye a cinya, motar kuwa gabanta ya tashi aiki, kaya suka watse.

A asibiti ne likita ya ce mana ai bawan Allahn nan yanar ido ce da shi a idanunsa duka biyun, ga ciwon suga da bai taɓa aunawa ba. Da rana yana lallaɓawa, amma da zarar duhu ya shiga mota ta haske shi da fitila shikenan sai ya ga fari fat. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, saboda takardar lafiya tana cikin fayil ɗinsa da tambari da sa hannu, an rubuta ƙalau yake. Takardar da aka saya ce kawai, ba wanda ya ce masa karanta harafin can. Kuma shi ya sani fa, sai daga baya abokan aikinsa ke cewa ai kullum shi ke roƙon a ba shi tafiyar asuba ya dawo kafin la'asar, mu muna cewa dattijo ne mai son sallah a gida.

Ban tsane shi ba, mutum mai iyali da yawa tsoron rasa abinci ne ya sa ya ɓoye. Na je gaishe shi ya ce min, ranka ya daɗe da na faɗa ai ba za ku ɗauke ni ba. Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne abin ya fi yi min ciwo don yanar ido aiki ake yi mata a warke, ga asibitin ido na ECWA nan cikin Kano ga cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna.

Yanzu dai ba na karɓar takardar lafiyar da mutum ya shigo da ita a aljihu, ko ɗan waye. Mu ke zaɓen asibitin, ma'aikacinmu ya raka shi, a duba ido har da hawan jinin ido da dundumi, a auna suga da hawan jini, kuma duk shekara a maimaita. Da muka kai sauran direbobin an samu waɗanda gilashi kawai suke buƙata, kamfani ya saya musu, na kuma tara su na ce sa gilashi baya korar kowa, ɓoyewa ce ke kora. Gwajin tuƙi kuma dole sai an yi na dare, in zauna a gefensa mu hau bayafas bayan isha'i in ga yadda yake yi idan daf ta doso shi da fitila. Na'urar taƙaita gudu da 'yan rod sefti suka fara matsawa a kai tun 2016 da tiraka mai nuna inda mota take da irin gudun da take yi duk muna da su, har a waccan Hilux ɗin akwai, kuma tiraka ta nuna ko gudu baya yi lokacin da ya daki tirelar.

An yi wa dattijon aiki a ido ɗaya, ana jiran ɗayan, a yanzu shi ke duba mai da tayoyi da burki a gareji kafin motoci su fita, kuma shi ke raka sababbin ɗauka asibiti.