Haƙƙin Ɗan Da Ba A Haifa Ba Tukuna

A Gombe, daga Jekadafari har Pantami, da wuya ka ji ma'aurata suna tambayar kansu ko za su haihu. Abin da dangi ke tambaya shi ne yaushe, kuma idan shekara ta zagayo shiru, amarya ake kallo. Ni ma na yarda haihuwa kyauta ce daga Allah, sai dai ina ganin wanda aka bai wa amana wajibi ne ya yi tunanin yadda zai riƙe ta.

Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma aya ta 31 a Suratul Isra'i ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Amma aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara 2 cikakku, ita ce ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa, ta kuma ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Wannan ɓangaren ne muka fi mantawa.

Iyayenmu sun san illar kwanika tun kafin zuwan asibiti, shi ya sa suke tsawaita goyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Abin da ke ci mini rai shi ne, matar da za ta ɗauki cikin, ta sha naƙuda, ta fuskanci haɗarin zubar jini, sau da yawa ita ce ba a neman ra'ayinta, sai miji da uwar miji su yanke magana ba ta wurin.