Daga Madrid zuwa Giranada da ɗan littafin kalmomi

Kafin in tashi zuwa Sifen sai da na cika wani ɗan littafi da kalmomin yau da kullum, na Turanci a hagu, na Sifaniyanci a dama, domin na ɗauka tunda harsunan biyu duk na Turawa ne, wanda na sani zai kai ni ga wanda ban sani ba. Tun a tashar jirgin ƙasa ta Atocha da ke Madrid na gane cewa kama da wane ba ta wane, domin na yi ta dube-duben ƙofar da aka rubuta wa "éxito", mai kama da "exit" (mafita) ta Turanci, ashe wannan kalma nasara take nufi, mafita kuwa "salida" ake ce mata.

Jirgin ya yi sama da awa uku kafin ya isa Giranada, bayan ya ratsa Kurɗuba da gonakin zaitun waɗanda ido ba ya ganin ƙarshensu. Da yamma na shiga wani ƙaramin shago sayen sabulu, na ƙara wa kalmar "soap" wasali a ƙarshe, na ce wa dattijuwar da ke tsaron shagon ina son "sopa". Ba ta yi wata-wata ba ta miƙo mini fakitin garin miya. Sai da na yi ta cuɗa tafin hannuwana kamar mai wanki kafin ta fashe da dariya, ta ce "jabón", tana fito da harafin farko daga maƙogwaro kamar ha mai ruwa ta Larabci. Wannan kalma na ja mata layi biyu a littafina, saboda harafi ɗaya ne kawai ya raba ta da "jamón", wato busasshiyar cinyar alade da ake ratayewa jere-jere a shagunan nama, kuma Musulmin da harshensa ya zame a nan ba miya zai tashi da ita ba.

A unguwar Albaicín, wadda ke fuskantar fadar Alhambra, na lura da abin da littafina bai tanada ba. Musulmi sun shiga wannan ƙasa a 711, kuma Giranada ba ta fita daga hannunsu ba sai a 1492, don haka Larabci ya bar wa Sifaniyanci kalmomi masu yawa, wasunsu mu ma mun gada. Magajin gari "alcalde" ne, ɗan'uwan alƙalinmu. "Taza" kofi ce ba tasa ba, amma tushensu ɗaya. "Hasta" ita ce hatta, "aceituna" kuwa ɗan zaitun. A wani shagon shayi da ke kan hanyar hawa unguwar, yaron shagon ya ajiye mini buta ya tambaya, "¿azúcar?", wato sukari, na ɗaga masa yatsu biyu tun kafin in tuna littafin yana aljihuna.